Likitan da ya ɓoye sunansa don ya yi kiɗa: zare kan Komeda

1/
A 1968 an saki wani fim ɗin ban tsoro a Amurka, sunansa Rosemary's Baby. Farkonsa ba ihu, ba jini, ba ganga mai firgitarwa. Muryar mace ce tana rarrashin jariri, waƙar ko kalma ɗaya babu a ciki, sai ɗan kiɗa mai sanyi a ƙarƙashi. Amma kafin a gama jero sunayen 'yan wasa tsigar jikinka ta tashi. Wanda ya tsara sautin nan likita ne ɗan ƙasar Folan, kuma fim ɗin bai shekara da fita ba ya rasu. Zaren na da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/
Suna uku mutumin nan ya yi a duniya. Na yanka shi ne Krzysztof Trzciński. Na farkon kusan "Kishishtof" ake faɗa, na biyun kuwa ku bar wa masu shi kar harshe ya naɗe. Sai Komeda, laƙabin da ya ɓuya a bayansa a ƙasarsu. Sai Christopher Komeda, wanda aka rubuta a fina-finan Turanci don na asalin ya fi ƙarfin bakin masu kuɗin.

3/
An haife shi ranar 27 ga Afrilu 1931 a birnin Poznań, yammacin Folan. Mahaifinsa ma'aikacin banki ne, gida na 'yan boko mai rufin asiri. Shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami. An sa shi koyon fiyano da wuri, yana shekara 8 aka ɗauke shi a makarantar kiɗa ta birnin. Shekarar ita ce 1939. Ranar 1 ga Satumba Jamus ta afka wa Folan, ranar 17 Tarayyar Sobiyat ta shigo ta gabas. Zancen makaranta ya ƙare.

4/
Yaƙin Duniya na Biyu ya ci 'yan Folan kusan miliyan 6, wajen rabinsu Yahudawa. Da aka gama a 1945 ƙasar ta faɗa hannun 'yan gurguzu masu karɓar umarni daga Mosko. Yaron ya gama sakandare a garin Ostrów Wielkopolski a 1950, ya koma Poznań karatun likita. Ya kammala a 1956, ya ɗauki ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro.

Likitan kunne fa. Ku riƙe wannan.

5/
To me ya hana shi yin kiɗa da sunansa? Daga 1949 gwamnati ta shimfiɗa wa masu fasaha layi: marubuci, mai zane, makaɗi, kowa aikinsa ya zama mai ɗaukaka ma'aikata da jam'iyya, kuma mai sauƙin ganewa. Shi kuwa abin da ya shiga ransa jaz ne, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro. A idon hukuma kiɗan abokan gaba ne, kiɗan lalacewar 'yan jari-hujja. Ba ka jin sa a rediyon gwamnati, ba a ba ka zaure ka buga shi.

6/
Sai jaz ya koma ɗakunan mutane. A rufe ƙofa, a ja labule, a taru a buga a gidan wani a Kraków ko Łódź. Su kansu 'yan Folan sun sa wa shekarun nan suna mai nufin zamanin kiɗan ƙarƙashin ƙasa. Ɗalibin likita da rana, mai fiyano da dare. Kuma bai so malamansa da abokan aiki a asibiti su haɗa mutum biyun nan, shi ya sa ya ɗauko laƙabin Komeda ya sa a gaba.

7/
Mu nan Karofi wannan ba baƙon labari ba ne a kunnenmu. Musawa ba nisa. Kowa ya san mahaifin Mamman Shata bai so ɗansa ya yi waƙa ba, don a lokacin ana ganin waƙa roƙo ce, ba sana'ar ɗan gidan mutunci ba. Har yau akwai samarin da ke karatu a jami'ar Dutsin-Ma ko kwalejin Isa Kaita suna haɗa kiɗa a kwamfuta da wani suna daban, don kar a ji a gida. Bambancin shi ne Shata fushin uba ya fuskanta, Komeda kuwa har da na gwamnati mai 'yan sandan ciki.

8/
Ina suke jin sabon jaz tunda an toshe? Faya-fayen da matafiya ke shigowa da su a ɓoye, sai kuma rediyo. A 1955 Muryar Amurka ta fara shirin jaz na Willis Conover a gajeren zango, matasan gabashin Turai suka riƙa manna kunne a akwati cikin dare suna kwashe salo. Wanda ya taso ya ga kakansa na murɗa rediyo yana neman Landan da asuba ya san irin sauraron da nake nufi.

9/
Bari in ɗan ratse, don wannan ya shafe mu. Tun kafin a haifi Komeda akwai ɗan Najeriya da ke buga gangar jaz a Warso. August Agbola O'Brown, haifaffen Legas a 1895, ya isa Folan a 1922. Bayan yaƙi ya shaida wa ƙungiyar tsofaffin mayaƙa cewa ya shiga boren Warso na 1944 da sunan ɓoye "Ali". Ya rasu a Landan a 1976, a 2019 aka kafa dutsen tunawa da shi a Warso. Kuma jami'ar Warso na koyar da Hausa shekaru da dama. Ƙasar ba ta yi mana nisan da muke zato ba.

10/
Mu koma. Stalin ya mutu a Maris 1953, igiya ta fara sassautawa a hankali. A Yuni 1956 ma'aikata suka yi bore a Poznań, garinsu Komeda, sojoji suka buɗe wuta, mutane da dama suka mutu. Wata biyu bayan nan, a Agusta, aka bari a yi bikin jaz na farko a fili a Sopot, bakin teku. Matasa suka yi dafifi. Ƙungiyar Komeda ta mutum shida, da Jan Ptaszyn Wróblewski a saksofon da Jerzy Milian, ita ce aka koma gida ana zancenta.

11/
Shekarar da ya zama cikakken likita ita ce shekarar da sunan ɓoyen ya fi na yanka ƙarfi. Bai daɗe ba ya ajiye aikin asibiti gaba ɗaya. Mace ɗaya na da hannu sosai a nan, Zofia, wadda ya aura. Shi mutum ne mai shiru da kunya, ita ce mai bakin, ita ke riƙe harkar, neman wasa, cinikin kuɗi, duk ita.

12/
Yadda ya shiga fim kuma ta Łódź ne. Can makarantar koyon fim ta ƙasar take, kuma 'yan jaz da ɗaliban fim wuri ɗaya suke zama. Wani ɗalibi, Roman Polanski, ya yi gajeren fim a 1958 kan mutum biyu da suka fito daga teku ɗauke da kabad suna yawo cikin gari ana korar su. Babu magana a fim ɗin. Kiɗan Komeda ne ke faɗin abin da bakin 'yan wasan bai faɗa ba. Fim ɗin ya samu lambar yabo a Brussels a shekarar.

13/
Kafin wani ya shigo ƙarƙashin zaren nan: e, Polanski ɗin da kuka sani ne. A 1977 ya amsa laifin lalata da yarinya 'yar shekara 13 a Amurka, a 1978 ya gudu kafin a yanke masa hukunci. Ba na wanke shi. Komeda ya shekara takwas a kabari kafin wannan ta faru, kuma ba yadda za a ba da tarihinsa a tsallake sunan daraktan da ya fi aiki da shi.

14/
A 1960 Andrzej Wajda ya yi fim kan wani matashin likita mai buga jaz da dare. Komeda ya yi kiɗan, har ya ɗan fito a ciki. Ka ga rayuwar da ya riƙa ɓoyewa ta zama labarin da ake sayen tikiti a kalla.

15/
Sai 1962, Knife in the Water, babban fim ɗin Polanski na farko. 'Yan wasa uku ne kacal: miji, mata, da wani saurayi da suka tsinta a hanya, cikin kwalekwale mai filafilai a kan tafki. Kusan ba abin da ke faruwa, sai kishi da nuna isa tsakanin maza biyu. Komeda ya gayyato mai saksofon ɗan Suwidin, Bernt Rosengren. Sautin na tafiya a natse kamar ruwan, amma kana ji a jikinka akwai wuƙa a kusa.

16/
Shugaban jam'iyya Władysław Gomułka ya soki fim ɗin a fili. A waje kuwa ya shiga jerin 'yan takarar Oscar na fim ɗin harshen waje, Fellini na Italiya ya doke shi. Polanski ya tattara ya bar ƙasar. Komeda bai bi shi ba. Ya ci gaba da zama a Warso, yana fita aiki yana dawowa, kuma duk fita sai hukuma ta ga dama ta miƙo maka fasfo, don a lokacin fasfo ba a aljihunka yake kwana ba.

17/
Wajen da ya fara karɓuwa da gaske arewacin Turai ne. Ya yi wasa a Gyllene Cirkeln a Stockholm da Montmartre a Copenhagen, manyan zaurukan jaz na lokacin. Daraktan Denmak Henning Carlsen ya riƙe shi har fim huɗu. Wanda ya fi shahara shi ne Sult na 1966, wato yunwa, daga littafin Knut Hamsun: marubuci na yawo a gari cikinsa ba komai, girman kai ya hana shi roƙo. Per Oscarsson ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a Cannes da shi.

18/
Aikin waje ba tabarmar alfarma aka shimfiɗa masa ba. Fim ɗin Polanski na farko a Ingila, Repulsion na 1965, ba Komeda ya yi kiɗansa ba, Ba'amurke Chico Hamilton ne, saboda ƙa'idojin aikin baƙi a can sun tare shi. Darakta na son ka, kai ma kana so, takarda ta ce a'a. Sai a Cul-de-sac na 1966 da The Fearless Vampire Killers na 1967 suka sake haɗuwa.

19/
A tsakiyar wannan kai-komon, a Disamba 1965, ya shiga zauren kiɗa na ƙasa a Warso da mutum huɗu: Tomasz Stańko mai busa ƙaho, Zbigniew Namysłowski a saksofon, Bajamushe Günter Lenz, da ɗan Suwidin Rune Carlsson a ganga. Suka naɗi faifan Astigmatic. Kiɗa uku ne kawai a ciki, dogaye. Sunan ma na ciwon ido ne, wanda ke sa mutum ganin abu a karkace. Likita dai likita ne.

20/
A wurina nan ne ƙolin aikinsa, kuma a gida ya yi shi, ba a Hollywood ba. Masana jaz da yawa na ɗaukar faifan a matsayin inda jaz ɗin Turai ya daina kwaikwayon Amurka ya kama muryarsa. Ya ɗauki kayan aikin baƙaƙen Amurka, ya zuba musu irin kewa da sanyin jikin waƙoƙin ƙasarsu. Ɗan gajeren amo zai kama, ya yi ta maimaita shi yana ɗan karkata shi, ya bar sarari da yawa ba komai.

21/
Wannan barin sararin shi ne sirrinsa a fim. An san shi da ra'ayin cewa gara kiɗa ya yi kaɗan a fim da ya yi yawa. A zamanin da manyan kamfanoni ke tara makaɗa sittin ko tamanin su cika kowane lungu da goge, shi mutum biyar ko shida sun ishe shi. Wani wurin ya bar ka da ƙarar ruwa ko takun ƙafa kawai. Mutumin da ya karanci yadda kunne ke aiki ya san kunne na gajiya.

22/
1967 ta yi masa kyau. Le Départ, fim ɗin Jerzy Skolimowski da aka yi a Beljiyam da kiɗansa, ya ci babbar kyautar bikin Berlin. Shi kuma Polanski kamfanin Paramount ya kira shi Amurka ya mayar da littafin Ira Levin fim. Ya ce da makaɗinsa zai yi. Haka Komeda ya sauka Los Angeles, yana da shekara 36.

23/
A lura da yadda ya shiga. Bai je ya yi layi a ƙofar kamfani da faifai a hannu ba. Darakta ɗaya da suka fara tare tun ba su da ko sisi, shekara goma baya, shi ya ja shi. Kuma abin da aka saya a wurinsa shi ne abin da makaɗan Hollywood ba su da shi. Da irin nasu ya iya, suna da ɗaruruwa a gida.

24/
Labarin fim ɗin: amarya da mijinta sun tare a wani tsohon bene a New York, ta samu ciki, ta fara zargin maƙwabtansu tsofaffi matsafa ne kuma abin cikinta suke so. Kowa na ce mata laulayi ne. Ba fim ne da zan ce kowa ya nema ya kalla ba, akwai abubuwan da ba za su yi wa da yawanmu daɗi ba. Kiɗan kuwa ana iya saurarensa shi kaɗai.

25/
Ga dabarar. Mai kallo ya shigo da shirin a tsorata shi. Sai aka tarbe shi da waƙar reno, abu mafi aminci da ɗan Adam ya fara ji a duniya. Kuma ba a ɗauko ƙwararriyar mawaƙiya ba, ita jarumar, Mia Farrow, ita ta rera da 'yar siririyar muryarta mai rawa. Kana ji ka san uwa ce, ka kuma san akwai abin da ba daidai ba. Amon nan na dawowa cikin fim ɗin da kama daban-daban, wani lokaci da daɗi, wani lokaci a murɗe.

26/
A ƙarshen fim ɗin, bayan ta gano gaskiyar abin da ta haifa, ta matsa ta fara jijjiga gadon jaririn. Waƙar farko ta dawo, ba a sauya ta ba. Kai ne ka sauya. Abin da ka ji a matsayin rarrashi awa biyu baya yanzu ya fi kowane ihu ban tsoro.

27/
An kashe wa fim ɗin kusan dala miliyan 3, ya kawo sama da miliyan 30. Ruth Gordon ta ci Oscar. Christopher Komeda, sunan nan na uku, ya shiga takarar Golden Globe. Nan take furodusa William Castle ya ba shi wani fim ɗin, Riot, labarin boren gidan yari da Jim Brown da Gene Hackman. Ƙofa ta buɗe.

28/
Ba shi ne ɗan Folan na farko a garin ba. Bronisław Kaper ya shiga kamfanin MGM tun 1935, ya ci Oscar da fim ɗin Lili. Henryk Wars kuwa kafin yaƙi shi ne sarkin kiɗan fim a Warso, ya isa Amurka a 1947 ya tarar ba wanda ya san shi. Ya sha wuya shekaru, ya koma Henry Vars, daga baya ya samu aiki a irin su Flipper. Gari ɗaya, ƙasar asali ɗaya, kowa da yadda ta karɓe shi.

29/
A ƙarshen 1968 Komeda na tare da abokinsa Marek Hłasko, marubucin Folan da ya yi hijira bayan ya saɓa da gwamnati. An sha giya, suna tafiya cikin dare a wani tudu a Los Angeles, Komeda ya faɗa gangare ya bugu a ka. Ruwayoyi sun bambanta kan ko turi ne na wasa ko santsi. Da farko abin bai yi kama da mai tsanani ba. Ashe jini na taruwa a cikin kansa.

30/
Aka yi masa tiyata, ya shiga doguwar suma. Zofia ta ɗauko shi a jirgi ta dawo da shi Warso. Ya rasu ranar 23 ga Afrilu 1969, saura kwana huɗu ya cika 38. An binne shi a maƙabartar Powązki. Duk zamansa na aiki a Amurka, da ya yi shi da ƙafafunsa, bai wuce shekara guda ba. Fim biyu.

31/
Hłasko bai yi wata biyu a bayansa ba. An tsinci gawarsa a Wiesbaden ta Jamus ranar 14 ga Yuni, giya da ƙwayar barci, yana shekara 35. A watan Agusta mabiyan Charles Manson suka kashe Sharon Tate, matar Polanski, da tsohon ciki, tare da wasu mutum huɗu, cikinsu har da wani ɗan Folan, Wojciech Frykowski.

32/
Daga nan aka ƙirƙiro zancen wai fim ɗin na da la'ana, har gobe za ku gan shi a bidiyoyin YouTube. Ni ban saya ba. Maye ne, da duhu, da gangare, da rauni a ka da ba a gano zurfinsa da wuri ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓa ya faɗi a hanyar Dutsin-Ma ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau, bayan kwana biyu a ji wani labari, ya san ba sai an nemo aljani ba. In kai ya bugu a je asibiti, don Allah.

33/
Yanzu abin da ya sa na ɗauko labarin nan na kawo mana. Mu a fim ɗin Hausa in an ce kiɗan fim, waƙa da rawa ake nufi. Tarihi ne ya kawo haka: shekaru ana kallon fina-finan Indiya a silimun Kano da Katsina da Zariya, sai Turmin Danya ya fito a 1990, sai fiyanon Yamaha ya shigo situdiyo, sai Sangaya ya zo wajen 2000 ya nuna waƙa ɗaya na iya sayar da fim gaba ɗaya.

34/
Tambaya: kun san Ali Nuhu da Fati Muhammad a Sangaya. Cikinku mutum nawa ne za su faɗi sunan wanda ya zauna gaban fiyano ya haɗa kiɗan, ba tare da sun bincika ba? Jarumi na da suna, mawaƙi ya samu nasa daga baya, makaɗi har yanzu yana ƙasan rubutu, wurin da ake tashi a kashe kallo. Komeda shi ya ɓoye sunansa da kansa. Namu ba su ɓoye ba, mu ne ba mu tambaya.

35/
Sai ɗaya ɓangaren, kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin magana. Ku saurari fina-finai masu dogon zango da muke bi a waya. A da yawansu in za a yi kuka ga goge irin na Indiya, in mugu ya shigo ga "dum" ɗin nan da kowa ya haddace, kuma daga farko har ƙarshe ba a bari kunne ya huta. Wani wurin ma kiɗan na danne maganar. Akwai masu ƙoƙari, ban hana ba. Amma sau da yawa sai an gama komai ake tuna kiɗa, lokacin kuɗi sun ƙare.

36/
Abin haushin shi ne kayan na nan a ƙofar gida. Bahaushe ya daɗe da sanin kiɗa na ba da labari ba da baki ba. Kalangu na kiran sunan mutum. Kiɗan farauta daban, na dambe daban, na gayya daban, kowanne da abin da yake tayarwa a jiki. Ga gurmi, ga kukuma, ga sarewar makiyayi da yamma, ga amon taɓarya a turmi, ga shantu. Ga waƙoƙin reno da kakanninmu mata ke yi, kowane gari da nasa.

37/
Ku ɗan kwatanta. Fim kan ƙauyen da aka tasa, irin abin da yankinmu ya gani da idonsa a shekarun nan. Dare, uwa a ɗaki ta toshe bakin goyonta, ana jin babura daga nesa. Me za ka sa a ƙarƙashi? In ka sa gangar fim ɗin yaƙi ka ɓata shi. Muryarta kawai, ƙasa-ƙasa, tana rarrashi ba kalma, can sai ta yanke. Duk wanda ya kwana a irin daren nan ba zai iya zama a kujera ba.

38/
Wannan aikin ba ya buƙatar makaɗa tamanin. Yana buƙatar darakta ya kira makaɗi tun ana rubuta labari, ya biya shi, ya sa sunansa inda za a gani. Polanski da Komeda tun suna ɗalibi da sabon likita suka fara, a fim ɗin da bai kai minti ashirin ba. In kana haɗa kiɗa a ɗaki a Kurfi ko Dutsin-Ma, mai yiwuwa daraktanka na nan kusa yana ɗaukar gajeren bidiyo da waya.

39/
'Yan Folan sun ci gaba da bin hanyar. Wojciech Kilar ya yi wa Coppola kiɗan Dracula a 1992 amma ya ƙi barin Katowice. Jan Kaczmarek, wanda ya karanta shari'a a Poznań ɗin dai, ya koma Los Angeles a 1989, ya ci Oscar a 2005 da Finding Neverland. Wani lauya, wani likita. Garin nan da alama iyaye na tura 'ya'ya karatun kirki, kiɗa na sacewa 😅

40/
Mai son saurare ya fara da waƙar renon Rosemary's Baby, minti biyu da 'yan kai ce. Sai kiɗan Knife in the Water. Astigmatic a bar shi sai dare ya yi, da abin sawa a kunne, kuma a yi haƙuri da mintunan farko. Tomasz Stańko, yaron da ya busa ƙaho a faifan yana ɗan shekara 23, ya dawo a 1997 ya sake naɗar kiɗe-kiɗen maigidansa a faifan Litania, shi ma yana da sauƙin shiga.

41/
Tun 1995 ake bikin jaz da sunansa a garin Słupsk. A 2012 masana taurari suka sa wa wani rami a duniyar Makyuri sunansa. A 2010 kuma babban bankin Folan ya buga tsabar kuɗi ta tunawa da ɗan ma'aikacin bankin nan na Poznań. Sunan da aka zana a jiki Krzysztof Komeda ne, ba Trzciński, ba Christopher.